Littattafan Yaya Haruna da Na Miƙa da Hannuna

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan damina, da aka ɗauki yayana Haruna daga gidansa na unguwar Lazaret a Yamai aka kai shi makwancinsa. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan dafa dambu da zogale in raba wa maƙwabta, a yi masa addu'a, in koma ɗaki in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Sunana Rabi, ni ce ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Aikin jinya na yi har na aje, ba marubuciya ba ce ni, don haka masu karatu su yi haƙuri in maganata ta karkace. Marubucin gidanmu shi ne ya tafi, kuma abin da ya rubuta ni na miƙa shi ga wanda ya cinye shi.

Waɗanda suka yi kolej a gefen Lazaret a wancan zamani sun san shi da Mushe Haruna, wato Malam Haruna a bakin ƴan boko, malamin Faransanci, dogo siriri, da tabarau da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da zare, hannun rigarsa kullum fari fat da alli. Babanmu mutumin Tawa ne, fataucin fata ya kawo shi Yamai. Mun tashi da baki uku: Adaranci, Hausar ƙasar Tawa, a tsakar gida, Zabarmanci a bakin titi, Faransanci a lekwal, wato makarantar boko. Ni dai harshe a wurina abin biyan buƙata ne, kamar ludayi. Shi kuwa Yaya Haruna tun yana yaro yakan tsayar da innarmu tsakiyar faɗa ya ce ta maimaita wata kalma, har ta manta da abin da ya sa take faɗan.

A shekararsa ta farko ta koyarwa ya sayo wani littafi wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, kusa da Babbar Kasuwa. Ba shi da bangon gaba, kaurinsa ya kai bulo. Wani tsohon labari ne da ya shahara a ƙasashen Turawa, an juyo shi zuwa Faransanci, labarin wata duniya da babu ita, da sarakunanta da yaƙe-yaƙenta da jinsin halittu iri-iri, kowane jinsi da yarensa wanda marubucin ya ƙaga da kansa. Kwana huɗu ina kai masa abinci ina ɗauko kwanon yadda na kai shi. Da ya gama sai ya kira ni, idanunsa jawur, ya ce, "Rabi, kin ga wannan mutumin? Harshe ya fara ginawa, sannan ya ƙago mutanen da za su yi magana da shi. Mu ga harshen, ga mutanen, amma ba mu gina masa gidan da ya kai girmansa ba."

Da farko fassara ya so yi. Shekara guda yana fama, sannan ya aje. Abin da ya tsayar da shi kalma ɗaya ce. Ya ce Faransanci na amfani da kalma guda ga abin da kake ji in ka ga mai wahala, kuma da ita ɗin dai ake raina mutum. Mu kuwa muna da tausayi, muna da jin ƙai, muna da rangwame, kuma ba ɗaya ba ne. Tausayi, in ji shi, shi ne abin da ke murɗa maka ciki ko ba ka so. Jin ƙai shi ne abin da hannunka ya yi bayan cikin ya murɗa. Rangwame kuwa na mai ƙarfi ne, wanda ya ga dama ya sassauta. Haka yake tsefe jarumi da gwarzo da sadauki, yana cewa kowanne da irin tsoron da ya haɗiye. Ya ce in ya bi bayan Bature zai yi ta zuba kalmominmu a mazubin da ba nasu ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma wata jayayya da ya yi ta yi da wannan marubucin da bai taɓa gani ba. A cikin littafin an ji ƙan wani lalataccen mahaluƙi da ya cancanci kisa, kuma daga ƙarshe wannan jin ƙan ya zamo alheri ga kowa. Yaya Haruna na son wurin har ya kusa haddace shi, amma yakan ce marubucin ya sauƙaƙa wa kansa. Kowa zai yabi jin ƙan da ya haifi riba. Tambayarsa ita ce, in ka ji ƙan mutum ya juyo ya sake saran ka, kuma babu wata riba da ta biyo baya, ko a nan ko a ƙarshen labari, me za a kira ka? Wawa ko gwarzo? Don ya amsa wannan tambaya ya fara rubuta nasa labarin, da Hausa, a cikin kaye, wato littafin rubutu irin na ƴan makaranta.

Jarumin nasa ba ɗan sarki ba ne. Wani mai ginar rijiya ne, Nomau, gajere, kunnensa ɗaya ya mutu. A ƙasarsu ruwa ya ƙaurace wa rijiyoyi gaba ɗaya, sai aka tura shi ya ratsa ƙasashe bakwai ya nemo inda jijiyar ruwan ta tsinke. Yana da ɗan jagora mai suna Kaskami, wanda ya sayar da shi har sau biyu a hanya. Can gaba Nomau ya tarar da Kaskami ya faɗa wata busasshiyar rijiya, ƙafarsa ta karye, kwana uku yana kira babu mai amsawa. Nomau ya ɗaura igiya ya sauka ya goyo shi. Da suka fito ya ɗaure masa ƙafar, ya ba shi ruwan da ya rage. Kafin rana ta yi tsaka Kaskami ya hau raƙumin Nomau ya gudu. Nomau ya ƙarasa tafiyar a ƙasa, ya isa a makare, garuruwa biyu sun riga sun watse saboda ƙishirwa. Kaskami kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba har labarin ya ƙare.

Kowace Asabar bayan la'asar yakan fito da kujera gindin dogonyaron ƙofar gidansa ya karanta abin da ya rubuta a satin. Da ɗalibansa aka fara, daga baya teloli da direbobi da mata masu tallar kopto, wato kwaɗon ganye, suka riƙa tsayawa. Mutanen kogi a labarin suna Hausa mai karin Zabarmawa, mutanen dutse suna tsohon Adaranci wanda yake zuwa ƙauyukan Tawa lokacin hutu ya kwaso daga bakin tsofaffi. Ranar da ya karanta gudun Kaskami da raƙumi, ina wurin. Wani direban takisi ya miƙe tsaye yana huci, ya ce, "Haba Mushe! Wallahi ka cuce mu. Me ya hana shi rufe rijiyar da dutse ya wuce?" Yaya Haruna ya cire tabarau yana dariya, ya ce, "Mai ginar rijiya ne, malam. Bai iya barin mutum a ciki ba. In ka iya, kai ka rufe." Direban ya rantse ba zai sake zuwa ba. Asabar ta gaba shi ya riga kowa.

Yanzu na zo kan mutumin da ya sa na ɗauki alƙalami. Zan kira shi Balla, ba sunansa ba ne. Tare suka yi makaranta da yayana tun aji ɗaya, a gidanmu yake cin tuwon rana, innarmu na kiran sa ɗana. Ya fi Yaya Haruna iya Faransanci, ya fi shi iya shiga mutane, ya samu aiki a wani biro, wato ofis, mai kula da jarrabawa, ya yi mota tun yayana na kan keke. Sai aka kama shi yana fitar da takardun jarrabawa kafin ranarsu. Aka kore shi, matarsa ta tafi gidansu da yara, abokan da ke cika masa falo suka ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Ko a masallaci mutane kan bar tazara tsakaninsu da shi.

Yaya Haruna ya je ya ɗauko shi da jakarsa guda, ya share masa ɗakin zaure. Na je na same shi na yi masa magana, don ni ban iya ɓoye abin da ke raina ba. Na ce wanda ya sayar da amanar yaran ƙasa guda, taka ce za ta yi masa nauyi? Hali zanen dutse ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Na ji, Rabi. To ina zai kwana?" Shekara uku Balla na cin abincin Zali, matar yayana, yana zama sahun gaba ranar Asabar, shi ke tashi ya kawo ruwa in muryar mai karatu ta dushe. Da hawan jini ya bugi Yaya Haruna, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, Balla ne ya zama hannunsa. Yayana na faɗa da karkataccen baki, shi yana rubutawa. Kaye huɗu na ƙarshe duk rubutun Balla ne. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: a wannan shekarar ya yi masa hidimar da ni ƴar'uwarsa ban yi ba. Har na je na ba shi haƙuri a kan zaton da na yi masa.

Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse, ya same ni a tsakar gida. Ya durƙusa yana kuka. Ya ce, "Hajiya Rabi, kada aikin Haruna ya ruɓe a akwati. Ki ba ni in buga shi a na'ura, in nemo masu ɗab'i. Wata shida kawai. Abin da zan iya saka masa da shi ke nan." Zali na cikin takaba, ta ce duk abin da na yanke ya yi. Na shiga ɗakin yayana na jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado. Kaye ashirin da uku ne, aikin shekara ashirin da ɗoriya, kowanne da lamba a bangonsa. Ban sa an ɗauki hotonsu ba, ban riƙe ko ɗaya ba, ban kira shaida ba. Har takisi ni na tsayar masa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan karin maganar ta zauna mini a maƙogwaro shekara goma sha ɗaya.

Wata shida ya zama shekara. In na kira shi sai ya ce na'urar ta lalace, ko masu ɗab'in sun ce a jira. Daga nan ya bar unguwar, lambarsa ta daina shiga. A shekara ta huɗu Nana, babbar ɗiyar yayana, wadda ke jami'a a lokacin, ta shigo gidana da rana tsaka ko sallama babu, ta aje mini wani littafi a cinya. Sabo fil, mai sheƙi, da Faransanci, an buga shi a ƙasar waje. Sunan Balla ne a bango da manyan baƙaƙe. Na buɗe na ga Nomau, na ga Kaskami, na ga ƙasashe bakwai. Na duba gaba na duba baya, ko a gefen shafi babu sunan Haruna. Nana ta ce, "Gwaggo, ki duba wurin rijiya." Na duba. A littafin Balla, Nomau ya leƙa ya ga maci amanarsa a ƙasa, ya mirgino dutse ya rufe bakin rijiyar, ya hau raƙuminsa ya isa a kan lokaci, ya ceci kowa da kowa.

Ban san wanne ya fi ƙona ni ba. Satar suna abu ne da ake yi tun duniya na kwance. Amma a ɗauki labarin da mutum ya rubuta don tambaya guda, a cire tambayar, a bar gangar jikin, wannan ya wuce sata. Mutanen kogi da mutanen dutse duk sun koma magana da Faransanci ɗaya mai santsi, irin na jawabin biki. Kalmomin tsofaffin Adar da yayana ya bi ƙauye-ƙauye a bayan a-kori-kura yana tsinta, babu ko ɗaya.

Littafin ya karɓu. Na ji Balla a rediyo yana cewa labarin daga bakin kakarsa ya ji shi yana yaro. Kakar da ta rasu kafin a haife shi; innarmu ce ta gaya mana haka tun muna ƙanana. Aka riƙa gayyatar sa taro a ciki da wajen ƙasa, kuma abin da ya fi ba ni dariyar baƙin ciki, sau da yawa kan batun raya harsunan gida ake kiran sa ya yi magana. Mun je wurin wani lauya, ya tambaye mu hujja, muka ce kunnuwan mutanen Lazaret. Ya ce kunne ba takarda ba ne. Na bi wasu daga cikin tsofaffin ɗaliban yayana, waɗanda yanzu manya ne a birori, na roƙe su su fito su yi magana. Kowa ya yi salati, ya girgiza kai, ya ce lallai an yi zalunci, sannan ya duba agogo. Dattawan dangi suka ce a bar wa Allah. Zali ta bar wa Allah, ta koma Tawa. Ni na ce na bar, amma ƙarya nake yi.

Shi ya sa in na ce an ci amanar Yaya Haruna, ba mutum ɗaya nake nufi ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mu ne marataya. Shekara ashirin yana karatu a fili, babu wanda ya ce a kawo rakoda, babu wanda ya ce a kai wa masu ɗab'i, saboda a zuciyarmu abin Hausa abin nishaɗin la'asar ne, ba littafi ba. Sai da ya sa rigar Faransanci ya dawo daga ƙetare muka tashi muna tafi. Na san gidaje a Yamai da suka aje littafin Balla a falo don baƙi su gani, alhali masu gidan sun zauna gindin dogonyaron nan sun ji ainihinsa da kunnensu.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya dawo ya ga Lazaret ta yau. An sare dogonyaron an yi shagon sayar da waya. Samarin da ke shan shayi a fada, majalisarsu ta bakin titi, kowa kansa a sunkuye kan tafin hannunsa. Amma na san shi, ba zai yi tsaki ba. Zai ja kujera ya tambaye su me suke kallo, in ya ji suna aika wa juna saƙon murya da Hausa zai ce ga masu saurarensa nan sun dawo ta wata ƙofa. Jikokina na kallon finafinan dodanni da jaruman wasu ƙasashe, sun haddace sunayen takubbansu. In na ce musu kakansu Haruna ya yi wanda ya fi wannan, sai su ce, ina yake? A kan Balla kuwa, na san abin da zai ce, kuma shi ya sa wani lokaci har shi mamacin nake jin haushi. Ya tafi da hannunsa mai tsabta, ya bar ni da wankin.

Wata biyu da suka wuce wata mata ta zo gidana, ta ce ita matar ɗan ƙanen Balla ce, shi Ballan ne ya aiko ta. Ciwon suga ya cinye masa ido, ya koma wani ɗan gida cikin lambu a Tondibiya, can bayan gari a bakin kogi, yana roƙon in je. Na ce ba ni zuwa. Sati biyu ina cewa ba ni zuwa, ranar Lahadi na tsinci kaina a takisi, saboda tunani ɗaya: wataƙila akwatin na nan.

Na same shi da hantsi a kan tabarma gindin mangwaro, kogi na bayansa. Ya rame har na so in wuce shi. Ya ji takuna ya ce, "Hajiya Rabi ce? Ina gajiya?" Ban amsa gaisuwar ba, ban zauna ba. Na ce littattafan yayana na zo karɓa. Ya ce shekarar da kogi ya shigo gari ruwa ya tafi da su. Na ce, "Malam Balla, ka kira ni daga Lazaret don ka ƙara mini ƙarya?" Sannan ya ce, "Na ƙone su. Sati guda kafin littafin ya fito. Tsoro na ji." Ya ce a bayan gidan da yake haya ya yi, a cikin rabin tano, wato gangar ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, kuma sai da ya wuni yana yi don takardar ta yi yawa.

Na zauna a kan wani kututture. Na yi aiki cikin masu mutuwa shekara talatin, na rufe idon mutane da yawa, har na yayana. Amma a ranar nan na ji ya mutu. Da na samu murya na tambaye shi abu ɗaya, me ya sa ya rufe rijiyar. Ya ce masu ɗab'in ne suka ce masu karatu ba za su yarda da jarumin da aka mayar wawa ba. Ya ƙara da cewa, "Kuma ko ba su ce ba, da ban iya ba. Sau uku ina fassara wurin ina yagewa." Sai ya miƙo hannu wajen da yake zaton nake, ya ce in yafe masa don Allah. Na ce, "Ba ni ka yi wa ba. Wanda ka yi wa yana kabari, kuma da yana nan da tuni ya tambaye ka ko ka ci abinci. Ni ba shi ba ce."

Na miƙe zan tafi, sai ya ce in tsaya. Ya ce shekara uku yana jin labarin a zaune, shekara guda yana rubuta shi daga bakin mai shi, shekara uku yana juya shi jimla bayan jimla. Tun da idonsa ya rufe, in ji shi, ba abin da yake ji a kansa sai Hausar Haruna, ba ta barin sa ya huta. Ya ce ba duka ba ne, amma da yawa na nan. In na kawo abin ɗaukar murya zai faɗa, kuma zai fara da faɗin sunan mai shi da abin da shi ya aikata. Na fito na tsaya bakin hanya ina jiran mota cikin fushi. A duk faɗin duniyar nan, wurin da aikin yayana ya rage shi ne kan mutumin da ya cinna masa wuta. Kuma in na tsaya jiran zuciyata ta huce, ciwon da na gani a ƙafarsa ba zai jira ni ba.

Mun yi shawara da Nana. Ita ta ce ko kallon sa ba ta iya yi, amma ta ba ni wayarta ta nuna mini inda zan danna. Yanzu sau biyar ke nan ina zuwa Tondibiya. Ina sallama don sallama haƙƙin Musulmi ce, in aje wayar a kan tabarma, in koma gefe. Kada wani ya karanta wannan ya ce Hajiya Rabi ta yi halin yayanta. Ba tausayi ya kai ni ba, ba jin ƙai ba. Kayanmu na je kwasowa. Kuma kullum da shakka nake dawowa, don ban san inda Haruna ya tsaya Balla ya ɗora ba. Wanda ya taɓa canza ƙarshen labari, me zai hana shi gyara tsakiyarsa? In Allah ya sa muka buga abin da muka samu, zan sa a rubuta a shafin farko cewa wannan ragowa ce, an karɓo ta daga bakin da ba a amince da shi ba.

To me ya rage na Yaya Haruna bayan shekara goma sha ɗaya? Ba littafi, ba suna a bango, ba ko takarda ɗaya da rubutun hannunsa in ban da takardun makin ɗalibai. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni na ga wanda ya faɗi, aka taka shi aka wuce, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa lissafin ya daidaita ba. Bai daidaita ba. Amma a zuwana na uku wani abu ya faru. Balla na cikin faɗin wani wuri inda wata tsohuwar mutanen dutse ke sallamar ɗanta zai tafi yaƙi, sai na ji ta ce masa, "Tafi, ɗan nema, in ka iske inuwa ka tuna da wanda ke bayanka cikin rana." Na sa hannu na tsayar da wayar. Wannan ba maganar littafi ba ce. Abin da innarmu ke gaya mana ke nan a bakin ƙofa duk ranar da za mu yi tafiya, da karinta, da yadda take jan kalmar ƙarshe. Ban taɓa sanin ya sa ta a ciki ba. Shekara ashirin da rasuwarta, ga ta tana magana a bakin kogi, ta bakin ɗanta, ta bakin makahon da ya ci amanar su duka biyun.

Balla ya ji shirun ya yi yawa, ya ce, "Hajiya, in dakata?"

Na goge fuskata da bakin mayafi, don ko da ba ya gani ban so in yi kuka a gabansa. Na danna wayar na ce, "Ci gaba. Kuma kada ka gyara komai."

Allah ya ji ƙan Haruna ɗan Tawa, ya ba shi inuwar da ba a sarewa. Ni kuma Allah ya ara mini kwana, ya ara wa wancan mutumin numfashi, har mu kai bakin rijiya.